Gidan Welf na Jamus: an ƙwace musu masarautu biyu a 1180, to me ya hana gidan mutuwa?

NaGoje:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya kan gidan Welf na Jamus. A 1180 Kaisar Firedirik Barbarosa, wato babban sarkin daular Jamus, ya tuɓe Henri Zaki daga sarautar Saksoni da ta Bavariya gaba ɗaya, a 1182 kuma Henri ya bar ƙasar ya tafi wajen surukinsa sarkin Ingila. A lissafi gidan ya mutu ke nan. Amma sai ga zuriyarsa na mulki a Braunschweig da Hanoba ɗaruruwan shekaru bayan haka, har sun hau gadon Ingila a 1714. Me aka ƙwace, me aka bari? Ni dai a ganina sassauci Barbarosa ya yi masa don taubasai ne, uwar Kaisar da uban Henri ciki ɗaya suka fito.

Lauyan_Gado:
Wa alaikumus salam Malam NaGoje. Kafin a zo kan zumunci sai an raba ƙasar gida biyu, don abin da ke hannun babban mutum a Jamus ta wancan zamani ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wadda suke kira Lehen, mu ce ƙasar riƙo. Ta Kaisar ce ko ta wani bishop. Za ka durƙusa ka sa hannuwanka cikin nasa ka yi caffa, ka yi rantsuwa, sannan ya damƙa maka, kai kuma ka ɗauki nauyin fita yaƙi da zuwa fada duk sanda aka kira. In ka mutu magajinka zai je ya nemi a sabunta masa cikin shekara da kwana ɗaya, haka ma in ubangidan ne ya riga ka. In ka saɓa, a karɓe. Kayan aro dai, ba ya rufe katara.

Akwai kuma Allod, ƙasar gado. Wannan babu wanda ka yi wa caffa a kanta. Da yardar magada kana iya sayarwa, ka yi musaya, ka bai wa coci, kuma 'ya mace tana gada in babu namiji. Sarautar Saksoni da ta Bavariya riƙo ne. Braunschweig da Lüneburg gado ne. A lura kuma, zama Herzog, wato mai riƙe da sarautar Saksoni, ba ya nufin gonakin Saksoni naka ne. Muƙami ne na jagorancin manyan yankin, kiran taro da tsare zaman lafiya. Abin da ke ciyar da mahayanka daga gadonka yake fitowa, da kuma wakilcin kare dukiyar coci-coci da suke kira Vogtei, inda kake yin shari'a a ƙasar coci ka ɗauki kaso cikin tara.

Hajiya_Taswira:
Bari in ɗora a kan bayanin Lauya. Wannan gado na arewa, mata ne suka kawo shi gidan, kusan kaf.

Magnus, na ƙarshe a gidan Billung, ya mutu a 1106 ba ɗa namiji. 'Ya'yansa mata biyu suka raba gadon. Wulfhild tana auren Henri Baƙi na Welf, ita ta shigo da Lüneburg. Eilika kuma ta auri Oto na Ballenstedt, ita ce uwar Albrecht na gidan Askaniya. Ku riƙe wannan, don daga nan gabar gidajen biyu ta samo asali: kowanne jikan Billung ne, kowanne yana ganin shi ya cancanci Saksoni.

Sarautar kanta a 1106 ba a bai wa ko ɗaya cikin surukan ba, Lotar na Supplinburg aka naɗa. Matar Lotar, Richenza, ta gaji ƙasar Northeim ta wajen uba, ta gaji ta Braunschweig ta wajen uwa. Lotar ya zama sarkin Jamus a 1125, kuma 'ya ɗaya tak suka haifa, Gertrud. A 1127 aka aurar da ita ga Henri Mai Girman Kai, ɗan Henri Baƙi. Su suka haifi Henri Zaki. Ke nan a kan yaro ɗaya gadon gidaje huɗu ya taru: Billung, Northeim, Braunschweig da Supplinburg.

Sidi_Damagaram:
Hajiya ta yi daidai, sai dai kada wani ya ɗauka Welf 'yan arewa ne. Mutanen kudu ne, na ƙasar Shuwabiya, gidansu yana Altdorf da Ravensburg, arewa da tafkin Konstanz. Tun 819 sunansu ya fito, lokacin da Judit 'yar Welf ta auri Kaisar Luwi ɗan Shalman. Kuma in za a bi ta wajen maza zalla, gidan ya taɓa yankewa. Welf na III ya mutu a 1055 bai haihu ba, ya yi wasiyyar dukiyarsa ga gidan sufaye na Altdorf. Uwarsa Imiza ta ƙi yarda. Ta aika Italiya aka zo da jikanta, ɗan 'yarta Kunigunde da Azzo na gidan Este, ta ɗora shi kan gadon. Shi ne Welf na IV, wanda ya sami Bavariya a 1070. Duk Welf ɗin da muke magana a kansu bayan nan jinin Este ne ta wajen uba, sunan gidan uwa suka ɗauka.

Bintu_K12:
Welf na IV ɗin nan ba shi ne ya saki matarsa don rawani ba?

Sidi_Damagaram:
Shi ne, Malama. Yana auren 'yar Oto na Northeim mai riƙe da Bavariya. Da sarki Henri na IV ya tuɓe Oto a 1070, Welf ya mayar masa da 'yarsa gida, ya karɓi sarautar surukin nasa. Ɗansa Welf na V kuma a 1089 aka aura masa Matilda ta Tuskani yana ɗan shekara 17, ita ta haura 40, da ran za a gaji ƙasashenta na Italiya. A 1095 auren ya watse ba a sami ko taƙi ba. Ba kowane aure ya yi musu riba ba.

NaGoje:
To in 'yan kudu ne, ina gadon kudun ya tafi? Shi ma ai Allod ne, me ya sa bai tsira a 1180 ba?

Alƙalami_Ja:
Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gadon kudu bai shiga shari'ar 1180 ba sam, don galibinsa ba ya hannun Henri Zaki. Yana hannun ƙanen ubansa, Welf na VI. Wannan dattijo ɗa ɗaya gare shi, Welf na VII, wanda ya mutu a Siena a 1167 cikin annobar da ta cinye rundunar Barbarosa bayan sun shiga Roma. Daga nan tsohon ya saki jiki da shagali da kyauta, kuɗi suka riƙa ƙare masa. Sai ya yi yarjejeniya da Henri: ka ba ni kuɗi yanzu, ka gaje ni in na mutu. Henri ya amince amma ya riƙa jan ƙafa wajen biya, da alama yana lissafin tsoho ne, gadon zai zo a banza. Welf ya juya wajen ɗan 'yar'uwarsa Barbarosa, wanda ya biya ba gardama, wajen 1178 zuwa 1179. Tsohon kuwa bai mutu ba sai 1191 a Memmingen. Ravensburg da Altdorf, mahaifar gidan, suka koma hannun gidan Staufen, wato gidan su Barbarosa, ta hanyar ciniki. Rowa ce ta ci wannan, babu alƙalin da ya taɓa shi.

Dan_Zongo:
Wannan Welf na VI shi aka kayar a Weinsberg a 1140 ko? Inda aka ce sarki Konrad ya yarda matan kagarar su fita da abin da za su iya ɗauka, sai suka goyo mazajensu.

Alƙalami_Ja:
Shi ne. Kayen gaskiya ne, a watan Disamba 1140. Labarin goyon kuma daga baya aka rubuta shi, masana sun rabu a kansa, amma har yau sunan kufan kagarar Weibertreu, wato amanar mata.

Bintu_K12:
Kuma daga sunan gidan nan Italiyawa suka samo Guelfi, masu bayan Fafaroma, Ghibellini kuma, masu bayan Kaisar, daga Waiblingen, garin Staufen.

Tsohon_Dalibi:
Haka ne, amma a yi hattara da wannan. Sunayen biyu a Filorens suka yi tashe a ƙarni na 13, kuma rigimar birane ce ta Italiya, mafi yawan masu kiran kansu Guelfi ba su taɓa ganin ɗan Welf da idonsu ba. Ita ma maganar cewa Welf da Staufen gaba suke tun fil'azal, masana na baya-bayan nan sun rage mata ƙarfi. Shekara ashirin da ɗoriya Barbarosa yana rufa wa Henri asiri a kan sauran manyan Saksoni. Shi ya mayar masa da Bavariya. Ga kuma Welf na VI da ya fifita ɗan Staufen a kan ɗan wansa. Kowa lissafin kansa yake yi.

Lauyan_Gado:
Mu koma kan shari'ar, don a nan amsar NaGoje take. An saba cewa an hukunta Henri ne don ya ƙi taimakon Kaisar a Chiavenna a 1176, aka kuma ci Kaisar da yaƙi a Legnano ranar 29 ga Mayu na shekarar. Ƙin taimakon ya ɓata tsakaninsu, babu shakka. Amma takardar Gelnhausen, wadda aka rubuta hukuncin a cikinta, ba ta ambace shi cikin laifuffukan ba. Abin da ta lissafa shi ne danne coci-coci da manyan ƙasa, raina martabar Kaisar, da ƙin amsa kira.

Ga yadda ta gudana. Nuwamba 1178 a Speyer, Henri da abokan gabarsa, musamman Akbishop (babban bishop) Filip na Kolon, kowa ya kai ƙarar kowa. Aka sa rana a Worms, Janairu 1179, Henri bai zo ba. Aka sake kira Magdeburg a Yuni, bai zo ba, kuma a can Dietrich na Landsberg ya zarge shi da cin amana ya nemi su raba gardama da takobi a gaban fada. Sai aka ɗora masa Acht, wato cire masa kariyar doka. Wannan shari'a ta farko a kan dokar ƙasa aka yi ta, kuma takardar ta ce manyan ƙasa da 'yan Shuwabiya sa'o'insa ne suka yanke, saboda a doka shi ɗan Shuwabiya ne ko da a Braunschweig yake kwana.

Sannan aka buɗe ta biyu a kan dokar riƙo. A nan ana kiran mutum sau uku, in bai zo ba rashin zuwan kansa ya isa laifi. Janairu 1180 a Würzburg aka yanke cewa ya rasa duk abin da yake riƙe wa daula. Ranar 13 ga Afrilu a Gelnhausen aka raba Saksoni: yamma, wato Westfalen, ga Akbishop na Kolon, gabas da sunan sarautar ga Bernhard, ɗan Albrecht na Askaniya, jikan Eilika ɗin nan da Hajiya ta ambata. Satumba 1180 aka bai wa Oto na Wittelsbach Bavariya, bayan an yanke mata Steiermark. Gidan Wittelsbach bai sauka daga kanta ba sai 1918.

Kuskuren Henri na zahiri shi ne ƙin zuwa. Ya san masu yanke hukuncin su ne waɗanda ya shekara yana takawa, amma da bai zo ba sai ya hutar da su wahalar kawo hujja.

Hajiya_Taswira:
Akwai ma damar da ya watsar. A 1179 sun haɗu da Kaisar kusa da Haldensleben, Kaisar ya nemi ya biya mark 5,000 na azurfa don ya shiga tsakani ya sasanta shi da manyan. Da ma'aunin Kolon mark ɗaya kusan giram 234 ne, ke nan azurfa ta haura tan ɗaya da ɗan abin da ya ɗora. Ga mai masarautu biyu wannan ba abin da zai gagara ba ne. Ya ce ya yi yawa. Karo na biyu ke nan da riƙe jaka ya ja masa asara.

NaGoje:
Lauya, ina da ja a nan. Acht ɗin da ka ce, in mutum ya shekara da kwana ɗaya a cikinta bai wanke kansa ba, ai tana zama babba, ta cinye har gadon. Daga Yuni 1179 zuwa Yuni 1180 wa'adin ya cika. To ta yaya ya riƙe Braunschweig da Lüneburg in ba an yi masa alfarma ba?

Lauyan_Gado:
Ka kama ni a daidai, Malam. Haka dokar take, kuma a ƙa'ida a ƙarshen 1180 ba shi da komai. A Erfurt, Nuwamba 1181, da ya zo ya faɗi gaban Kaisar, aka ɗage masa hukuncin aka bar masa gadonsa, da sharaɗin ya bar ƙasar shekara uku. Don haka akwai afuwa a ciki. Abin da nake ja a kai shi ne a ce daga zuciyar Barbarosa kaɗai ta fito. Arnold na Lübeck, marubucin tarihi da ya yi zamani da su, ya ce Kaisar ya ɗaga shi ya sumbace shi har da hawaye, amma ya riga ya rantse wa manyan ba zai mayar masa da muƙaminsa ba sai da yardarsu duka. Da son ran Kaisar ne, mai yiwuwa da ya sami fiye da haka.

Tsohon_Dalibi:
Su manyan ma ba su da sha'awar a saba da cinye gadon mutum. Kowannensu da nasa Allod ɗin. In yau an tumɓuke gida irin na Welf har saiwa, gobe wa ya tsira? Gemun ɗan'uwansu suka ga ya kama wuta. Abin da suke so shi ne a sauke shi daga kansu, su raba riƙon, kuma sun samu.

Sidi_Damagaram:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne dalilin da ya sa ya faɗi da sauri haka. Hukunci a takarda ba ya buɗe ƙofar kagara. Kagarun Henri suna hannun mutanen da ake kira Ministerialen. Waɗannan mahaya ne masu sulke da doki da gonaki, wasu sun fi 'yantattu da yawa arziki, amma a doka ba 'ya'ya ba ne, na ubangijinsu ne, ana iya haɗa su da ƙasa a bayar. Wanda ya san matsayin bayin sarki a fadar Kano ta dā zai gane abin da sauri, ko da yake tsarin ba ɗaya ba ne. A Agusta 1180 Kaisar ya zauna a Werla ya bai wa mutanen Henri wa'adi: wanda bai rabu da shi ba zai rasa abin da yake riƙe. Kagarun yankin Harz suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ba a harba kibiya ba. Henri ya ƙara da ɓatawa da manyan mabiyansa, irin su Adolf na Holstein da Bernhard na Ratzeburg, a daidai lokacin da ya fi bukatarsu. A 1181 Lübeck ma ta miƙa wuya.

Gishirin_Kawar:
Ana ta cewa "an bar masa gado" kamar guntun abu ne. A duba abin da Lüneburg take. Ƙarƙashin garin akwai ruwan gishiri mai kauri sosai, tun 956 takardu suka ambaci harajinsa. Da aikin ya zauna sosai, gidajen dafuwa 54 ne kewaye da rijiyar, kowanne da faranti 4 na dalma, jimla 216, kowane faranti faɗinsa kamar mita ɗaya. Ana jan ruwan da guga, a bi da shi ta magudanar katako zuwa gidajen, a hura wuta dare da rana, a kwashe gishirin a shanya. Dalma ba ta jure wuta, faranti kan lanƙwashe ko ya tsage, don haka akwai gidan narkarwa a gefe da ke sake zuba su a kai a kai. Itace kuwa sai an yi ta shigo da shi ta kogi. Gishirin yana tafiya Lübeck, daga can a kai shi gaɓar Skåne a gyara kifi da shi, kuma a Turai ta Kirista mai yawan ranakun da ba a cin nama, kifin gishiri kasuwa ce da ba ta mutuwa. Ma'aikatar ba ta rufe ba sai 1980.

Henri ya san darajar abin. Da rijiyoyin gishirin Oldesloe na Adolf na Holstein, uban Adolf ɗin da Sidi ya ambata, suka fara rage masa ciniki, sa wa ya yi aka toshe su. Da Lübeck ta Adolf ta janye 'yan kasuwa daga Bardowick, garin Henri, ya hana cin kasuwa a Lübeck har sai da Adolf ya sallama masa wurin, ya sake gina garin a 1159.

Bintu_K12:
A Bavariya ma haka ya yi. Ya rushe gadar bishop na Freising a Föhring inda fataken gishiri ke biyan kuɗin ƙetare kogin Isar, ya mayar da hanyar ta kan tasa gadar. Hukuncin Augsburg na 14 ga Yuni 1158 ya bar masa, da sharaɗin bishop ya riƙa karɓar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gada da na buga kuɗi. Wurin shi ne Munik ta yau.

Gishirin_Kawar:
Daidai. Sai dai in gyara kaina kaɗan kafin a gyara ni: daga baya yawancin farantan Lüneburg sun koma mallakar coci-coci da gidajen sufaye, attajiran gari kuma su ke karɓar haya suna dafawa. Jikokin Henri haraji da wasu hakkoki suka fi ci, su ma sun riƙa sayarwa in bashi ya matsa. Gishirin ya fi gina birnin a kan gidan sarautar.

Hajiya_Taswira:
Kuma da gangan Henri ya riƙa tattara gadonsa wuri ɗaya a arewa. Matarsa ta fari, Kilemensiya 'yar gidan Zähringen, ta zo masa da kagarar Badenweiler can kudu maso yamma, da mahaya 100 da Hufe 500. Hufe ɗaya ita ce gonar da za ta riƙe gida guda na manomi, girmanta ya danganta da yanki. A 1158 ya ba Barbarosa duk wannan, ya karɓi Herzberg da Scharzfeld da Pöhlde a gindin tsaunukan Harz, dab da sauran ƙasarsa. Ya kuma shiga gadon duk gidan da ya ƙare ba namiji: Stade bayan kashe Rudolf a 1144, Winzenburg bayan kashe Hermann a 1152. Matsalar irin wannan tarawa ita ce cikin kowane gado akwai gauraye, wani yanki Allod ne, wani riƙon coci ne. Shi kuwa yakan haɗiye duka. Stade ta cocin Bremen ce a wajen akbishop, Winzenburg ta Hildesheim ce a wajen bishop. Da ya faɗi, kowa ya zo ya zare nasa.

Dan_Zongo:
Wai da gaske da tuta ake ba da masarauta a can?

Alƙalami_Ja:
Da gaske. Manyan riƙo na waɗanda ba malaman coci ba da tuta ake miƙa su. A Regensburg, Satumba 1156, Henri na gidan Babenberg ya mayar wa Kaisar Bavariya da tutoci 7. Kaisar ya miƙa su ga Henri Zaki, shi kuma ya dawo da 2, aka bai wa na Babenberg. Tutocin biyun nan su ne Ostiriya, a ranar ta fita daga ƙarƙashin Bavariya ta zama masarauta mai kanta. Bishop-bishop kuma da sandar mulki ake ba su, tun yarjejeniyar Worms ta 1122.

Lauyan_Gado:
Tutar nan ita ce ta kawo mu ga rabin amsar da ya rage. Bayan 1180 gidan Welf suna da ƙasa amma ba su da matsayi. A sabon tsarin, ba ka cikin manyan daula sai kana riƙe da wani abu kai tsaye daga hannun Kaisar. Gado komai yawansa ba ya ba ka kujera. Henri ya mutu a 1195, 'ya'yansa uku suka raba ƙasar a Paderborn a 1202. Ɗaya, Oto na IV, har Kaisar ya zama a 1209, amma aka karya shi a Bouvines a 1214, ya mutu a 1218 ba ɗa. Babban, Henri, 'ya'ya mata ya bari, ɗaya tana aure a Baden ɗaya a Bavariya, suka sayar wa Kaisar Firedirik na II haƙƙinsu a kan Braunschweig. Kun ga hanyar da gadon ya shigo ita ce ta kusa fitar da shi. Namiji ɗaya ya rage, Oto Yaro, ɗan Wilhelm na Lüneburg.

Ranar 21 ga Agusta 1235 a Mainz aka warware. Oto ya durƙusa ya miƙa wa Kaisar kagarar Lüneburg da duk gadonsa. Kaisar ya haɗa da Braunschweig da ya saya, ya mayar da su ƙasar daula, ya kira su masarauta, ya miƙa wa Oto da tuta a matsayin riƙo da 'ya'ya maza da mata za su gada, ya ƙara masa da ushirin ma'adinan Goslar. Wato abin da ya cece su a 1181 shi suka sallama a 1235 don su sayi rawani. Sunan masarautar ma daga garuruwa biyu aka ɗauko shi, Braunschweig-Lüneburg, ba daga wata al'umma irin Saksoni ba.

Tsohon_Dalibi:
Amma sun ci gaba da raba ta kamar gonar gado. Oto ya mutu a 1252, 'ya'yansa Albrecht da Johann suka raba tsakanin 1267 da 1269, babba ya tsaga, ƙarami ya zaɓa, Johann ya ɗauki Lüneburg. Ɓangaren Albrecht ya sake tsagewa uku: Grubenhagen, Göttingen da Wolfenbüttel. Kowane ɗa yana son fada da mahaya da barori, kuɗin shiga bai ƙaru ba, sai a jinginar da kagara ko kuɗin gada ga birni ko wani attajiri, fansa kuma ta gagara. Braunschweig da kanta ta fi ƙarfinsu, suka koma Wolfenbüttel a 1432, ba su murƙushe birnin ba sai 1671.

Sidi_Damagaram:
Kuma zama riƙo ya zo da haɗarinsa. Wilhelm na Lüneburg ya mutu a 1369 ba namiji. Danginsa na Braunschweig suka ce nasu ne, Kaisar Karl na IV ya ce riƙo ne ya dawo hannunsa, ya bai wa gidan Askaniya na Wittenberg, cikinsu har da jikan mamacin ta wajen 'ya. Mutanen Lüneburg suka goyi bayan baƙin, suka rushe kagarar Welf da ke kan dutsen Kalkberg a 1371. Sai 1388, bayan yaƙin Winsen, ƙasar ta tabbata ga Welf, kuma ba su sake zama cikin garin ba, Celle suka mayar fada. Da ƙasar tana nan a Allod, Kaisar ba shi da bakin magana.

Dan_Zongo:
To sarautar Ingila ta wajen Matilda matar Henri Zaki ta zo musu ke nan? Tunda 'yar sarki Henri na II ce, 1168 aka yi auren.

Bintu_K12:
A'a ɗan'uwa, tsakaninsu shekara fiye da 500. Ta wajen Sofiya ce, jikar sarki Jems na I, matar Ernst August na Hanoba. Dokar majalisar Ingila ta 1701 ta ware Katolika daga gado ta tsayar da ita da zuriyarta, ta rasu makonni kaɗan kafin Sarauniya An, sai ɗanta Joj ya hau a 1714. Mace ce dai ta sake kawowa. Shi Ernst August shi ya tsayar da raba ƙasa a reshensa, ya ce babban ɗa kaɗai zai gada, a kan haka ya sami kujerar masu zaɓen Kaisar a 1692. A 1837 kuma dokar Hanoba ta fifita namiji, Biktoriya ta ɗauki Ingila, baffanta ya ɗauki Hanoba, Furusiya ta haɗiye Hanoba a 1866.

NaGoje:
Na gode ƙwarai, malamai. Amma har yanzu ina nan kan bakana rabi. Lauya da kansa ya yarda cewa a ƙa'ida gadon ya faɗi a 1180, kuma a Erfurt wani ne ya mayar. Ko manyan sun yarda, ai Kaisar ne ya buɗe baki.

Lauyan_Gado:
Ya buɗe baki, amma duba 1189. Da zai tafi yaƙin Ƙudus bai yarda ya bar taubashin nasa a bayansa ba, sai da Henri ya sake barin ƙasar. Shi kuwa Henri da jin Kaisar ya yi nisa ya dawo, ya rushe Bardowick a Oktoba na shekarar. Wannan ba zaman mutanen da suka yafe wa juna ba ne.

Hajiya_Taswira:
Wa ke da taswirar rabon Paderborn na 1202 ya sa mana? Ina so a duba ko Stade tana cikin kason babban ɗan, don in tana ciki, to maganar cewa gado zalla aka bar musu ma tana bukatar gyara.